Damargu a Bakin Hanyar Wasu: Daga Gashin Jimina zuwa Matatar Mai

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Tanut zuwa Damagaram da dare ya san abin da zan faɗa. In kun iso wajajen Bakin Birji, sai ka hango wuta tana ci a kan wani dogon bututu, ga fitilu reras kamar an ɗauko wani birni an ajiye a tsakiyar gonakin gero. Matatar mai ta SORAZ ke nan. Ranar da na fara ganinta, a hanyata ta zuwa karatu daga Balbeji, wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya leƙa ta taga ya ce, "Allah ya sa wannan ayarin ya daɗe." Na yi dariya a raina, na ce baba bai san matata ba. Sai da na shiga karatun tarihin yankinmu sannan na gane ashe ni ne ban san ayari ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne gardamar da muke sha a fada kusan kowane dare. Kafin shayi na biyu ya nuna an raba duniya: wannan ya ce Rasha ce mafita, wancan ya ce ai Shinuwa sun riga sun ci kasuwa, wani ya kawo Turkiyya, wani kuma ya ce Amurka ba ta mutu ba tukuna. Muna yi kamar masu gardamar ƙwallo, kowa da kulob ɗinsa. Ban taɓa jin wani ya tambayi abin da ya samu Damargu a karon baya da manyan ƙasashe suka yi irin wannan canjin wuri ba. Alhali ya faru, kuma a kan kakanninmu ya faru. Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana.

Zamanin da raƙumi ke riƙe da kasuwa

A ƙarni na 19, babbar hanyar fatauci tsakanin Kano da Bahar Rum ta cikin ƙasarmu ta bi. Ayari ya tashi daga Kano, ya sauka Damagaram, ya ratsa Damargu, ya hau Abzin, ya wuce Gat da Gadamas har Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce. Damargu ita ce gona ta ƙarshe kafin hamada, kuma gona ta farko ga wanda ya fito daga cikinta. Saboda haka geron da Dagirawa da Hausawa da Buzaye manoma suke nomawa a nan shi ne guzurin hanya, shi ne kuma abincin mutanen Abzin. Da shi ayarin gishiri yake zuwa Bilma da Fashi ya musanyo kantu da dabino. Kel Ewe, masu raƙuman da suka fi riƙe wannan hanya, suna da garuruwa da rumbuna a nan. Imuzurag da Ikazkazan su ma suna da ƙarfi a yankin, ana zaman tare ana kuma rigima kan wa zai karɓi kuɗin hanya. A Jajiduna kuwa Larabawan Gadamas suke da masauki da wakilai.

Har Turawa ma ta nan suka shigo. A watan Janairu 1851, Heinrich Barth da James Richardson da Adolf Overweg, waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko daga Tarabulus, suka iso Damargu tare da ayarin gishiri na Annur, babban Kel Ewe. A nan suka rabu, Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya nufi Tasawa da Kano, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi. Aikin da aka ba su shi ne su gano hanyoyin ciniki, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Ka ga ke nan tun a lokacin akwai masu zama a Landan suna nazarin hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu.

Kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Cikin kayan da ayari ke kaiwa arewa akwai bayi, mutane kamar ni da kai, kuma da yawa daga masu noman geron nan ba su da ƴancin kansu. Amma bayan da Daular Usmaniyya ta haramta cinikin bayi a 1857, sannu a hankali wasu kaya suka ɗauki gaba: hauren giwa, jemammun fatun awaki, da gashin jimina. Daga arewa kuma ana sauko da yadin Manchester, takarda, sukari, shayi, madubi da bindigogi. Da irin wannan ciniki Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara makamai har ya sa ana ƙera masa igwa a birninsa.

Labarin jimina

A nan nake so mu ɗan daɗe, don labarin jimina ya fi komai kama da abin da muke ciki. A shekarun 1870 da 1880 matan masu kuɗi a Paris da Landan da New York suka ɗauki yayin sa gashin jimina a hula. Yayin ya yi ƙarfi har gashi mai kyau ya zama dukiya. Dajin Damargu da arewacinsa kuwa a lokacin cike yake da jimina mai jan wuya, wadda gashinta ke cikin mafi daraja a kasuwar duniya. Maharbi ya harbo a dajinmu, dillali ya saya, Balarabe ya ɗaure a Jajiduna, raƙumi ya kai Tarabulus, jirgin ruwa ya tsallaka da shi Turai. Maharbin bai taɓa ganin hular ba, bai san sunan matar da za ta sa ba, amma abin da zai ci da iyalinsa yana rataye da ra'ayinta.

To, sai fasaha ta shigo. Turawan Afirka ta Kudu suka fara kiwon jimina a gona tun shekarun 1860, a 1869 kuma wani manomi a can, Arthur Douglass, ya ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwanta. Su ba sa jiran sa'ar farauta. Suna kiwo, suna yanke gashi, tsuntsu na nan da ransa, gashi ya sake tohowa. Kafin 1913 gashin jimina ya zama na huɗu cikin kayan da Afirka ta Kudu ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu. Duk da haka akwai abin da ya tsone musu ido: irin gashin da ke fitowa ta Tarabulus ya fi nasu cika da sheƙi, kuma suna tsoron kada Amurkawa, da su ma suka fara kiwo, su riga su samun irin. Saboda haka a 1911 gwamnatinsu ta turo wata tawaga a asirce ƙarƙashin wani mai suna Russell Thornton. Suka zo Kano suna binciken kayan ayari, har suka gane cewa daga ɓangaren da Faransa ke mulki, wajen Damagaram, gashin yake fitowa. Faransa ta hana fitar da jimina mai rai daga yankinta. Duk da hanin, a 1912 tawagar ta koma gida da tsuntsaye sama da ɗari.

Yau in ka kunna rediyo za ka ji Amurka ta hana a sayar wa Sin wasu ƙananan na'urorin kwamfuta, Sin kuma ta taƙaita fitar da wasu ma'adinai. Wallahi wasan ɗaya ne. A wancan karon abin da ake ɓoyo da sata tsuntsun dajinmu ne, kuma a duk cikin rigimar ba wanda ya nemi jin ta bakin maharbin Damargu.

Ƙarshen abin ma abin dariya ne mai ciwo. A 1914 kasuwar ta rushe gaba ɗaya. Yaƙin duniya ya ɓarke, yayi ya canja, ga kuma motoci marasa rufi da suka fara yawa, mace ba ta iya zama a ciki da ƙatuwar hula iska na fizga. Masu gonakin Afirka ta Kudu suka talauce da tsuntsayen da suka sha wahalar ɗaukowa. Mu kuwa me ya rage mana? Yau ba jimina a dajin Damargu. Wanda ke son ganin irinta sai ya je Kelle, wajen Gure, inda ake kiwon ƴan kaɗan a cikin shinge don kada irin ya ɓace.

Shekarar 1911

Kafin jimina ta faɗi, hanyar da kanta ta riga ta mutu. An fara da zane a takarda. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, suka ce kudu na Ingila, arewa na Faransa. Suka sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906. Da haka Kano ta faɗa hannu ɗaya, Damagaram da Damargu da Abzin suka faɗa wani, alhali kasuwa ɗaya ce, kamar a raba mutum da cikinsa. Sojan Faransa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, a ƙarshen shekarar kuma rundunar Foureau da Lamy, da ta taso daga Aljeriya, ta ratso Damargu daga Agadas.

Duk da haka ayari bai tsaya nan take ba. Abin da ya kashe shi kuɗin dako ne. A 1911 layin dogo da Ingilishi suka shimfiɗo daga kudu ya iso Kano. Yadin da ke cin watanni a bayan raƙumi, ana biyan madugu da masu rakiya da masu rijiya, yanzu sai ya hau jirgin ruwa daga Liverpool zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka Kano cikin ƴan makonni kuma da araha. Su kansu Larabawan da ke Kano suka koma aika kayansu ta teku. A watan Oktoba na wannan shekara kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi, ta ƙwace ta daga Turkawa, ƙofar arewa ta rufe. Cikin shekara ɗaya Damargu ta tashi daga tsakiyar hanya ta koma ƙuryar daji, ba tare da ta gusa ko taki ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya tsofaffi sun ji daga nasu tsofaffin. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ta tarar da mutane ba ciniki, ga haraji, ga Nasara na ƙwace raƙuma don aikin soja. Cikin wannan ƙunci Kawusan, Ba'abzine daga Ikazkazan wanda masana tarihi ke cewa a nan Damargu aka haife shi wajajen 1880, ya dawo daga arewa da bindigogin zamani da goyon bayan Sanusiyya. Shi da Sarkin Abzin Tagama suka tsare barikin Faransa a Agadas daga Disamba 1916 har Maris 1917. Ku lura da abu ɗaya: Ingila da Faransa da suka yi shekaru suna ja-in-ja kan iyaka, da abin ya zo ga murƙushe ɗan ƙasa sai suka haɗa kai, Ingilishi suka turo taimako daga Najeriya. Kawusan ma da ya jingina da ƙawayen waje, a Fezzan aka kashe shi a 1919. A 1926 aka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram aka kai Yamai.

To me ya tsira? Gero da dabba. Masu raƙuman da suka rage suka juya kudu, suna dakon gyaɗa da hatsi zuwa tashar jirgi a Kano. Shanu da tumaki da wake suka bi hanyar Najeriya, kuma har gobe ita suke bi. Wanda arzikinsa ke kan wucewar kayan wasu ya karye. Wanda yake da abin da hannunsa ke samarwa ya sha wuya amma ya miƙe. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Shekara ɗari cif

Yanzu ku dubi wannan lissafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Matatar SORAZ, a ƙaramar hukumar Ollelewa cikin gundumar Tanut, an buɗe ta a watan Nuwamba 2011. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar kashi 40. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400. A tsakanin shekarun nan ɗari an ma sake kauce mana sau ɗaya: lokacin da yuraniyom ya yi kuɗi aka yi kwaltar Tawa zuwa Arlit, manyan motocin Agadas da yawa suka koma bin can.

Ba na cikin masu cewa matatar ba ta amfana komai ba. Ƙasar da take sayo kowane ɗigon fetur daga waje ta fara tace nata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma dattijon nan na cikin mota ya fi ni gaskiya da ya kira ta ayari. Man ba a nan ake haƙo shi ba, fasahar ba tamu ba ce, farashin ba a nan ake yanke shi ba. Kuma tun 2024 mafi yawan ɗanyen man Agadem wani sabon bututu yake bi, mai tsawon kusan kilomita 2,000, zuwa tashar Seme a bakin tekun Benin. Teku ta sake ja, kamar yadda ta ja a 1911. Ko maganar iskar gas ɗin Najeriya da ake son kaiwa Turai, hanya biyu ke takara: ɗaya ta ratsa Nijar zuwa Aljeriya, ɗaya ta bi gaɓar teku zuwa Maroko. Gardamar raƙumi da jirgin ruwa ce ta dawo da sabuwar riga.

Sannan akwai tambayar da jimina ta koya mini. Ƙasar da ke tace mana mai ita ce kuma ta fi kowace ƙasa ƙera motoci masu aiki da lantarki. Ban ce gobe za a daina sayen fetur ba. Amma maharbin 1905 ma bai ga alamar za a daina sa hula ba.

Mun kuma ga yadda hanya ke rufewa dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a farkon 2024 aka sassauta. Duk wanda gidansu ke sayar da rago ko buhun wake ya san yadda kasuwar Balbeji da ta Tanut suka ji a jikinsu. Sojan Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sun iso, Nijar da Mali da Burkina sun kafa AES sun fice daga CEDEAO. Cikin shekara biyu taswirar ƙawance ta juye.

Wa ake tambaya?

A nan maganar dimokuraɗiyya ta shigo, kuma ina roƙon abokaina na kowane ɓangare su yi mini haƙuri su karanta har ƙarshe. Tun daga layin 1890 zuwa bututun 2024, abin da bai canja ba shi ne ana yanke shawara a nesa, mu sai dai mu ji a jikinmu. Ni a fahimtata amfanin dimokuraɗiyya ga talakan Tarka ɗaya ne: ya samu inda zai tsaya ya ce, "Me aka sa hannu a kai da sunana, nawa aka karɓa, ina aka kai?" kuma a ba shi amsa ba tare da ya kwana a tsare ba.

Mun gwada. An yi Taron Ƙasa a 1991, a 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, shugaban ƙasa. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Tarka ta samu magajin gari da kansiloli, a 2011 Balbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Mun kuma ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, a watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Mai son farar hula zai ce an ƙwace mana murya. Mai son soja zai ce muryar da ake saye da atamfa da jaka biyu ranar zaɓe dama ba murya ba ce. Kowannensu yana da hujja. Amma ni tambayata ga su biyun ita ce: a zamanin wa aka taɓa kawo yarjejeniyar mai ko ta yuraniyom aka karanta mana ita da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci a rediyon gari? Dokar man fetur ta ƙasarmu ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga don yankunan da ake haƙo man. Mu nawa ne a fada muka san da wannan, balle mu bi sawun kuɗin?

Korar wanda ya daɗe yana cin ka abu ne mai daɗi, ni ma na yi murna da wasu abubuwan. Sai dai tarihin Damargu ya nuna cewa baƙo na tafiya wani ya zo, Balaraben Gadamas ya ba Bafaranshe wuri, Bafaranshe ya ba ɗan Sin, kuma kowanne da lissafinsa ya zo, ba don Allah ba. Ba laifinsu ba ne, haka kasuwa take. Laifin zai zama namu in muka sake tsayawa a matsayin maharbi, wanda ya san daji amma bai san farashi ba.

Don haka ga abin da nake ba mu shawara, mu ɗalibai, tun da ba mu da soja ba mu da banki. Na farko, in mun je hutu mu zauna da tsofaffinmu mu rubuta abin da suka riƙe na ayari, na Kakalaba, na zamanin Kawusan, da sunayen rijiyoyi da zangon da aka manta. Wayoyin Tecno da ke aljihunmu suna ɗaukar murya, kuma tsofaffin nan ba jiranmu za su yi ba. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, da irin wannan aiki ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawusan. Na biyu, masu karatun lissafi da shari'a da kimiyya a cikinmu su koyi karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da takardun yarjejeniya, su fassara mana. Na uku, kada mu raina gero da akuya. Wanda ya gano yadda za a adana wake kada ya yi ƙwari, ko yadda famfo mai hasken rana zai shayar da garka a kwarin Tarka duk rani, ya yi wa Damargu abin da ba a rufe shi da takunkumi.

Na san wasu za su ce na cika tsoro, wasu su ce na tsaya tsakiya don gudun faɗa. Bismillah, fili a buɗe yake, a kawo raddi a fitowa ta gaba, kuma wanda kakansa ya taɓa bin ayari zuwa Gat ko Bilma, don Allah ya rubuto mana abin da ya ji. Ni dai duk lokacin da mota ta wuce da ni ta gaban wutar nan ta Bakin Birji yanzu, addu'ar dattijon nake maimaitawa, sai in ƙara da tawa: Allah ya sa ranar da ayarin zai tashi ya bar mu da abin hannunmu.